ƊAN BAƘO YA YI SHIRU A AJI: LAIFIN WA?

'Yan'uwa talakawa, da ku 'yan kasuwa maza da mata, ku kasa kunne. Akwai wani zalunci da ake yi kowace safiya a makarantun firamare na birnin Kano da kewaye, wanda ba ya shiga rediyo, ba ya zuwa gaban alƙali, domin wanda ake yi wa ba ya magana. Shi ne yaron nan ɗan baƙi, wanda iyayensa suka ƙetaro iyaka suka sauka a cikinmu. An sa shi aji, ya zauna can ƙurya, mako ya wuce, wata ya wuce, ko "na'am" bai ce ba. Malam ya kira sunansa a rajista, sai ya sunkuyar da kai. A ce ya maimaita abin da ke kan allo, sai ya ƙura wa ƙasa ido. Daga nan sai a yanke masa hukunci ba tare da shari'a ba. Wani ya ce daƙiƙi ne, wani ya ce taurin kai ne, wani ya ce iska ce ta shafe shi. Sa'an nan a ɗauko bulala.

Koke-koke irin wannan sun sha zuwa ofishin jam'iyya daga bakin iyaye, masu gadi da 'yan dako da mata masu wankau, labarin kuwa kusan ɗaya ne kullum. An kai yaro makaranta da murna, an ɗinka masa yunifom da kuɗin da aka tara da ƙyar, zango ɗaya bai ƙare ba ya ce shi ba zai koma ba. Uwa ta tambayi dalili, ya nuna mata shatar bulala a ƙafa. Ba za mu ambaci sunan makaranta ko ɗaya ba, gama abin ya zama ruwan dare. Abin da muke faɗa a fili shi ne, shirun yaron nan ba laifi ba ne, kuma hukumar da ta bar bulala ta zama tafinta tsakanin malami da ɗan baƙo, ita ya kamata a tuhuma.

SU WANE NE YARAN?

Kun san su, domin da iyayensu kuke wuni. Akwai 'ya'yan Buzaye, waɗanda fari ya koro kakanninsu daga ƙasar Agadas a 1973 da 1974, ya sake koro waɗansu a 1984, har yau kuma ba su daina zuwa ba. Iyayen ke gadin shagunanmu da dare a Kantin Kwari da Sabon Gari, a gida kuwa Buzanci ake yi. Akwai 'ya'yan Zabarmawa daga yammacin Nijar, da na Cadi masu Larabcin can. A watan Janairu 1914 ba wanda ya yi zaton iyakokin da Turawa suke zanawa za su raba harsunan jikokinmu, amma shekara ɗari daidai bayan haka, a Janairu 2014, mun ga an kwaso mutanenmu a jirgin sama daga Bangi, babban birnin Afirka ta Tsakiya, sa'ad da aka tasam ma Musulmin ƙasar da kisa. Yaransu sunan Hausawa gare su, bakinsu kuwa Sango da Faransanci. Tun da yaƙi ya ɓarke a Hartum ran 15 ga Afrilu 2023, ga na Sudan kuma, jikokin mutanenmu da suka bi hanyar gabas, waɗansu don aikin hajji, waɗansu bayan yaƙin Burmi na 1903. Da yawa daga cikin yaran da suka tashi a biranen can, Larabci ne a bakinsu. Ga kuma waɗanda aka haifa a Makka da Jidda, aka maido da iyayensu gida.

To, duba abin da yaro irin wannan yake tararwa ran da ya fara shiga aji. Littafi da Turanci. Malam yana bayani da Hausa yana sirkawa da Turanci. Yara suna wasa da Hausar birni mai sauri, cike da ba'a da habaici. Ɗan gari da harshe ɗaya yake kokawa, watau Turanci, shi ma kun ga irin wuyar da yake sha. Ɗan baƙo kuwa biyu ne suka taru masa lokaci guda. Hausawa sun ce baƙo ko da ido makaho ne. To, ko da baki ma bebe ne, sai ya kwana biyu.

Kai ɗan kasuwa, tuna ranar da ka fara sauka Kwatano ko Dubai ko ƙasar Sin saro kaya. Me ka yi? Ka kama bakinka, ka buɗe kunne, ka bi bayan wanda ya riga ka zuwa, kana nuni da yatsa, kana danna farashi a kalkuleta kana miƙa wa mai kaya. Wa ya ce maka daƙiƙi? Kai ke nan da gemunka, da kuɗi a aljihu, kuma da ƙafarka ka kai kanka. Ina ga yaro ɗan shekara shida wanda ba a yi shawara da shi ba, aka ɗauko shi daga cikin abokansa, aka ajiye shi gaban mutum ɗari da ba ya jin abin da suke faɗa?

SHIRUN KOYO

Wannan al'amari an daɗe da nazarinsa. Wata malama ta Jami'ar Harvard a Amurka, Patton Tabors, ta zauna cikin ajin ƙananan yara 'ya'yan baƙi tana lura da su, ta buga littafi a kai a 1997. Ta nuna yaro yakan bi matakai huɗu. Da fari yakan yi ta magana da harshen gidansu, yana zaton za a gane. Da ya ga ba mai ganewa, sai ya yi tsit. Wannan shi ne mataki na biyu. Baki a rufe yake, amma ido da kunne suna bakin aiki. Yana kallon leɓen malam, yana lura da abin da yara suke yi in an ce "ku tashi", wani lokaci ma a ji shi shi kaɗai yana maimaita wata kalma ƙasa-ƙasa. Na uku, sai gutsattsarin magana su fara fitowa: "ba ni", "zo mu je", "nawa ne". Na huɗu, ya fara ƙulla maganar kansa, da kuskure a ciki, har harshen ya zauna. Shirun nan yakan ɗauki 'yan makonni, yakan kai wata shida, ga ƙanana ƙwarai yakan zarce haka.

Ashe ke nan yaron da ake kira daƙiƙi ya fi kowa aiki a ajin. Manomi ba ya tone gero kwana biyu da shuka don ya ga ko ya tsiro. Malamin da ya tsai da ɗan baƙo gaban aji ya ce lalle sai ya yi magana yau, tonon shuka yake yi. In kuwa yaron ya yi ƙarfin hali ya faɗi kalma a karkace, aji ya fashe da dariya, malam ya zabga masa bulala, to darasi ɗaya ya koya a ranar, watau rufe baki ya fi zama lafiya.

Mu da muka zauna a bencin makarantar mishan mun san ɗanɗanon abin. An hana abin da suke kira banakula, monita yana riƙe da takarda yana rubuta sunan duk wanda harshen gidansu ya kuɓuce masa, a ci shi tara ko a doke shi. Mun ga yara masu kaifin ƙwaƙwalwa sun zama kamar gumaka daga safe har tashi, da an kaɗa ƙararrawa kuwa bakinsu ya buɗe kamar an kwance ƙulli. Abin da aka yi mana da sunan Turanci, shi muke bari yau a yi wa 'ya'yan baƙi a gaban idonmu.

Ga kuma shaida a ƙofar shagonku. Yaron nan da ya gudu daga makaranta, bayan wata uku za ku same shi a kasuwa yana tallan ruwan leda, yana ciniki da Hausa, yana ba da canji ba kuskure, har yana mai da wa 'yan dako martani. Yaro ɗaya, ƙwaƙwalwa ɗaya. Me ya sa kasuwa ta koya masa abin da aji ya kasa? Domin a kasuwa ba a dukan mutum don ya karya Hausa. Ana nuna masa abu a faɗi sunansa, a yi dariya tare da shi, a wuce.

SHIRUN DA KE BUKATAR MAGANI

Kada wani ya ce mun ce a naɗe hannu a zuba ido. Akwai shirun da jira kaɗai ba ya warkarwa, kuma wajibi ne malami da iyaye su iya rarrabewa.

Na farko na fargaba ne. Yaro yana surutu a gida kamar aku, amma da ya taka ƙofar makaranta sai maƙogwaro ya ɗaure, jiki ya sandare. Wani likita Bajamushe, Adolf Kussmaul, ya bayyana wannan hali tun 1877. Shekaru da yawa likitoci suna zaton yaron ne ya ga dama ya ƙi magana. A 1994 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta sāke sunan ciwon don ta kawar da wannan zato, a 2013 kuma ta sa shi cikin jerin cututtukan fargaba. Muna iya kiransa bebantaka mai zaɓen wuri. Yaron yana so ya yi magana, tsoro ne ya riƙe shi. Wani bincike da aka yi a makarantun rainon yara na birnin Ƙudus, aka buga a 2003, ya sami wannan ciwo ga yara 22 cikin kowane 1,000 na 'ya'yan baƙi, ga 'yan gari kuwa kamar 5 cikin 1,000. Watau zaman baƙunci da kansa yana ƙara hatsarin. Alamarsa ita ce yaron ya riga ya fara jin harshen aji, watanni sun shuɗe, amma har yanzu shiru, kuma ko an kawo masa yaro mai harshen gidansu a cikin makaranta ba zai tanka masa ba.

Na biyu na kunne ne. Sanƙarau da ƙyanda da ciwon kunne mai ruwa wanda ba a yi wa magani ba, duk suna rage ji, ɗan gudun hijira kuwa sau da yawa bai sami rigakafi ba. Gwajin farko ba ya cin ko kwabo. A tsaya bayansa a kira sunansa da murya madaidaiciya, a ga ko zai waiga. In bai waiga ba, a tambayi uwarsa ko haka yake a gida, sa'an nan a nufi asibiti.

Na uku na abin da ido ya gani ne. Yaron da aka ƙone gidansu, ko aka harbe wani a gabansa, yakan yi shiru har a gida, yakan firgita da dare, yakan zabura in ƙofa ta bugu. Ɗaga wa irin wannan yaro bulala, wallahi abin kunya ne ga duk mai ɗa.

Tambaya uku ke raba waɗannan: Yana magana a gida? Yana magana da mai harshensu a makaranta? Yana waigowa in an kira shi ta baya? Amma wa zai yi wa uwar tambayar, tun da ita ma ba ta jin Hausa sosai, kuma ba wanda ya taɓa kiranta makarantar?

LAIFIN WA?

Ba mu wanke malamin da ya doki yaro ba. Amma in bera da sata, daddawa ma da wari. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare. Ku leƙa makarantar unguwarku ku ƙirga da kanku. Inda malami ɗaya yake fama da yara ɗari ko fiye, a ƙasa, ba benci, ga albashin da ba ya kai shi tsakiyar wata, yaushe zai lura da leɓen yaro ɗaya yana motsi a ƙurya? Gwamnatin Jihar Kano da kanta ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a watan Yuni 2024, ta yarda da bakinta cewa ɗimbin yara a ƙasa suke zama. Shekara da shekaru kuma ana ba da labarin biliyoyin nairori kwance a asusun hukumar UBEC a Abuja, domin jihohi da dama ba su kawo nasu rabon ba balle su karɓa. A 2022 hukumar UNESCO ta ƙiyasta yara da matasa kimanin miliyan 20 ba sa makaranta a Nijeriya. Kowane ɗan baƙo da bulala ta kora, ƙari ne a kan wannan adadi, kuma shi ma ya zo da ƙafarsa ne aka mai da shi.

Sa'an nan ku dubi wasan da manya suke yi da maganar harshe. Manufar 1977 ta ce a fara koya wa yaro da harshen uwarsa ko na jama'ar da yake zaune cikinsu. Tun 1970 Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa na Jami'ar Ife suka gwada koyarwa da Yarbanci shekara shida cur, yaran kuwa suka yi fice, Turancinsu ma bai gaza na sauran ba. A Nuwamba 2022, zamanin minista Adamu Adamu, gwamnatin tarayya ta ce harshen uwa za a yi amfani da shi duk shekara shida na firamare. A Nuwamba 2025 minista Tunji Alausa ya ce an soke, a koma Turanci. Yau gabas, gobe yamma, su kuwa 'ya'yansu suna makarantun kuɗi. A cikin duk wannan hayaniya, wa ya ji an ambaci yaron da harshen uwarsa Buzanci ne ko Sango? Malami nawa ne a firamarenmu aka taɓa zaunar da shi ko na yini ɗaya aka nuna masa yadda ake karɓar yaron da ba ya jin harshen aji?

Mahukunta za su ce ai sun yi adalci, sun ba shi aji ɗaya da malami ɗaya da 'yan gari. An yi wannan gardama a Amurka a kan yara 'yan asalin Sin kimanin 1,800 a birnin San Faransisko, har ta kai Kotun Ƙoli a 1974. Kotun ta yanke cewa ba yaro littafi da malami iri ɗaya da na kowa bai zama daidaitawa ba muddin ba ya jin harshen da ake koyarwa da shi. Mu ma ba sai an kai mu kotu ba. Ka ajiye wa mai haƙori da marar haƙori ƙashi ɗaya, ka ce ka raba daidai?

MASU CEWA "AI BA 'YAN ƘASA BA NE"

Mun san akwai masu wannan magana, har a cikinmu. Suna cewa namu ma ba su samu ba, ina ruwanmu da na waje? Amsarmu uku ce.

Ta farko, doka. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa kowace gwamnati a Nijeriya ta ba kowane yaro ilimin firamare da ƙaramar sakandare kyauta. Kowane yaro ta ce. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989 a kan haƙƙin yara, wadda Nijeriya ta amince da ita a 1991, ta hana a bambanta yaro saboda asalin ƙasarsa ko harshensa.

Ta biyu, tarihin garin nan. Wangarawa daga Mali suka zo zamanin Sarki Yaji. Kasuwar Kurmi da aka kafa zamanin Muhammadu Rumfa, baƙi ne suka raya ta. Ku karanta sunayen unguwanni: Zangon Barebari, Tudun Nufawa, Agadasawa, Ayagi, Dandalin Turawa. Kowace ɗaya tana da kakan da ya shigo ƙofar gari ba ya jin Hausa, fatoma ya sauke shi, dillali ya yi masa tafinta, jikokinsa yau su ne Kanawa. Mai cewa a kori ɗan baƙo, ya fara tambayar tsofaffin gidansu daga ina aka zo.

Ta uku, namu suna can. A Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta Gana ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar ƙasar, mutanenmu na zango suka kwaso yara da 'yan komatsai suka hau hanya. A Janairu 1983 gwamnatin Shagari ta yi irin haka, mutum fiye da miliyan ɗaya suka fita. Tun 2013 akwai 'yan Nijeriya dubbai a sansanin Minawawo na Kamaru. Bayan harin Baga na Janairu 2015 waɗansu suka ƙetare tafki zuwa Baga Sola ta Cadi, inda karatu da Faransanci da Larabci ne. Daga 2019 'yan bindiga suka koro mutanen Sakkwato da Zamfara da Katsina zuwa jihar Maraɗi. A wannan safiya da muke magana akwai ɗan Bahaushe ko ɗan Babarbare zaune a ƙuryar wani aji a ƙasar wasu, ya ƙura wa ƙasa ido. Yadda muke so a yi masa can, haka za mu yi wa nasu a nan. Wanda ya ga gemun ɗan'uwansa ya kama wuta, ya shafa wa nasa ruwa.

ABIN DA MALAM ZAI IYA TUN GOBE

Malamai 'yan'uwanmu ne, talakawa ne irinmu, da yawa kuma 'yan jam'iyyar nan ne. Ga abin da ba ya bukatar sa hannun kwamishina.

Ka koyi sunan yaron yadda uwarsa take faɗa, kada ka laƙaba masa "ɗan Buzu". Ka ɗauke shi daga ƙurya ka zaunar da shi kusa da yaro mai haƙuri, in da mai jin harshensu a wani aji, ka haɗa su lokacin tara. Ka karɓi amsa ko ta wace hanya ta zo: gyaɗa kai, nuni da yatsa, zane, rubutu. Ka ba shi aikin hannu, share allo ko raba littattafai, ya san shi ma ɗan aji ne. Ka bar shi ya shiga amshi da waƙa cikin taro, inda muryarsa za ta ɓuya cikin ta sauran. In za ka tambaye shi, ka matso kusa, ka ba shi zaɓi biyu, "ja ko baƙi?", sa'an nan ka ƙirga goma a zuciyarka kafin ka wuce. Ka nemi kalma goma na harshensu daga wurin ubansa: ruwa, ban-ɗaki, ciwo, zo, zauna, madalla. Ranar da ya fara magana kuwa, kada ka tsai da aji a yi masa tafi. Ka amsa masa kamar kullum ya saba yi, gama idon jama'a shi yake gudu.

Kada kuma a ɗauki rashin harshe a matsayin rashin sani. Yarinyar da ta yi aji huɗu a Sudan ta iya karatu da lissafi, da lambobin Larabci take rubutawa. A gwada ta da lissafi a kan allo kafin a jefa 'yar shekara goma sha ɗaya cikin 'yan aji ɗaya.

Ga mai ciwon fargaba, masu magani suna bin hanyar kaɗan-kaɗan. Uwa ta zo bayan an tashi, ta zauna da shi a ajin ba kowa, su yi hira da harshensu. Wata rana malam ya tsaya bakin ƙofa. Wata rana ya shigo ya zauna nesa. A haka har yaron ya saba da jin muryarsa a ɗakin. In zango biyu sun wuce ba canji, a kai shi ga likita, kada a jira ya girma da shi.

Ku kuma iyaye baƙi, kada wani ya ce ku daina yi wa 'ya'yanku harshenku a gida wai don su yi saurin jin Hausa ko Turanci. Yaron da ya ƙoshi da harshen uwarsa ya fi saurin ɗaukar na biyu. Ku yi musu tatsuniya, ku tambaye su abin da suka gani a makaranta.

AIKINMU 'YAN KASUWA

Abin da ma'aikatar ilimi ta rasa, yana nan jibge a kasuwa. Daga Kurmi zuwa Dawanau babu harshen da ke tsakanin Tekun Legas da Bahar Maliya wanda ba za a sami mai jinsa ba. Don me ƙungiyar kowace kasuwa ba za ta rubuta sunayen masu jin Buzanci da Zabarmanci da Larabci da Faransanci ta kai wa hedimastocin unguwa ba, a riƙa kiransu sa'a ɗaya in an kawo sabon yaro? Mai gadin shagonka, ka taɓa tambayarsa ko 'ya'yansa suna makaranta? Ka raka shi wurin hedimasta, ka zama bakinsa. Ke uwa, ki ce wa ɗanki ya biya wa ɗan maƙwabta baƙi da safe su tafi tare. In kuma kin ji shi yana kwaikwayon gwarancin yaron yana dariya, ki tsawata masa nan take, gama ba'ar da ake yi a aji daga zaure da tsakar gida aka koyo ta. Ku shiga kwamitocin kula da makarantu da ƙungiyar iyaye da malamai, kada ku bar wa masu unguwa da 'yan kwangila kujerun.

BUKATUNMU

Muna kira ga hukumar SUBEB da sakatarorin ilimi na ƙananan hukumomi:

1. A hana dukan yaro ko tsai da shi gaban aji don bai yi magana ba, a rubuta wannan a aika wa kowane hedimasta.

2. A rubuta harshen gidan kowane yaro a rajista ranar da aka ɗauke shi, a nemo tafinta a zauna da iyayensa cikin makon farko.

3. Kada a mai da yaro gida don ba shi da takardar haihuwa ko ta shaidar ƙaramar hukuma. A ɗauke shi, takarda ta biyo baya.

4. A sa wannan darasi cikin karatun kwalejojin horon malamai, waɗanda ke bakin aiki kuma a tara su a koya musu.

5. A duba kunnen kowane yaro a shekararsa ta farko, kyauta.

6. A ɗauki malamai, a gina azuzuwa, har a sauko kusa da yara 35 da gwamnati ta rubuta da hannunta.

Duk ɗan jam'iyya da ya san wani yaro da aka kora ko ya gudu saboda wannan, ya kawo labari ofishin reshe mafi kusa, za mu raka iyayen har makarantar. In lokacin zaɓe ya zo kuma, masu manyan riguna suka shigo kasuwa da atamfa da sabulu, ku ajiye musu waɗannan bukatu shida a kan tebur, ku ce su amsa ɗaya bayan ɗaya. A ranar ne za mu ga wanda shirunsa ya cancanci hukunci.

Wassalam.